Yadda Madam Fadima Ta Sabunta Kwamfuta Ana Gobe Suna

Shekarar da gero ya ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai, duk unguwarsu a Matameye mutum ɗaya ke da kwamfuta a ɗaki, wato Madam Fadima. Ƙanenta Idrisa ne ya sayo mata ta hannu a Kano, wata shekara da cin rani ya yi masa kyau. Madam ta tsufa a aikin buga takardu a ofishin gwamnati, kuma kafin ta yi ritaya an taɓa tura ta Damagaram kwas ɗin kwamfuta. Kwas ɗin bai cika mako ba, amma a bakinta kullum girma yake yi. A wannan shekarar har ya fara kama da digiri.

"Ni na'ura ba ta yi mini gardama," in ji ta ga duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ita. "Hannu ta sani."

Da yake rumbuna ba komai, mazan unguwar sun fita da wuri, sun kuma yi nisa. Har bayan Fatakwal suka kai, wurin haƙar yashi a bakin ruwa, inda waya ba ta kamawa. Idrisa na cikinsu, haka ma Illa, maƙwabcin Madam, wanda ya bar matarsa Baiwa da ciki. Baiwa ta sauka lafiya, namiji, bayan 'yan mata biyu. Aka yi ta jiran uba ya aiko da suna, shiru. Baffa Ummaru, ƙanen mahaifin Illa, ya ce shi ba ya son a wahala: in gari ya waye ranar suna ba saƙo, zai ba yaron nasa sunan. Ba wannan ne yaro na farko a dangi da ya yi wa irin wannan alheri ba, kuma ba wanda ya taɓa samun ko hula daga hannunsa. Ita kuwa Baiwa, tun da aka kawo ta gidan Baffa bai taɓa kiran ta da komai ba sai "ke 'yar Kurni". Ta gaya wa mata a ɗaki, a hankali, cewa gara ta goya turmi da ta goya Ummaru.

Ana gobe suna, da hantsi, wani direban tasha ya yi sallama a ƙofar Madam da ɗan kile, abin nan da ake zuba hotuna a ciki. Daga hannu zuwa hannu ya biyo tun daga kudu. Mazan sun ari kyamara sun ɗauki kansu, kowa yana gaida gidansa, an kuma ce wa direban ya faɗa: sunan jariri na ciki.

Madam ta karɓa da yatsa biyu. Ta kwashe hoton kaf ta zuba a kwamfutarta, ta miƙa wa direba kilensa fanko, don a wurinta ajiye abu a wuri biyu aikin wanda bai yarda da kansa ba ne. Direba ya wuce Dawce. Ita kuma ta aika gidan Illa cewa mata su hallara, tana nan zuwa ta nuna musu mazajensu kamar a silima.

Kafin ta fita ta ce bari ta gwada ita kaɗai. Hoton ya tashi yana tsinkewa kamar mai ɗingishi. Mazan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sun rame sun yi baƙi, amma Madam ba fuskokinsu take kallo ba, ɗingishin take kallo, tana tunanin abin da za a ce da na'urarta. Can sai ga Illa. Ya dafa kafaɗar wani da ke gefensa, ya ce, "Baiwa, in namiji ne a sa masa sunan..." Hoton ya daskare, bakinsa a buɗe.

Da wani ne, sai ya mayar da hoton baya ya sake kunnawa. Amma wani bai yi kwas ba. Idon Madam ya faɗa kan wani ɗan saƙo da ya daɗe yana leƙowa a kusurwar allo, yana cewa an tanadi sabbin gyare-gyare na tsarin da ke tafiyar da na'urar, a sake kunna ta su shiga. Nan take ta gano cutar, ta gano maganin. Za ta sabunta tsarin, hoto ya fito tas, unguwa ta san bambancin wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, da wadda ta leƙa. Ta danna.

Allon ya koma shuɗi, wani ɗan zobe ya fara juyawa, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa kada a kashe na'ura. Ta jira, zobe bai gaji ba. Da aka aiko a karo na biyu cewa mata sun cika tsakar gida, sai ta zare waya daga bango, ta ɗauki kwamfutar a buɗe bisa tafin hannu biyu, kamar mai kai tuwon surukai, ta tsallaka gidan Illa.

Wadda ta fara tarar ta ita ce Shekara mai ƙosai. Tare aka sa su lakwal, aka kori Shekara tun a aji biyu, kuma har gobe ita take ganin ta tsira.

"Madam, ina mazan?"

"Suna ciki. Ana share musu hanya."

"Wannan abin da ke zagayawa fa?"

"Tunani take."

"To Allah ya sa ba irin naki ba ne, don da la'asar nake suya."

Aka zo sa waya a bango. Filogin na Najeriya ne mai ƙafa uku, ramin bangon Baiwa kuwa ido biyu gare shi. Kafin Madam ta koma gida ta ɗauko abin haɗawa, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Batirin kwamfutar kuma ya tsufa, ba ya riƙe wuta fiye da shan kofin fura. Tana dawowa ta tarar da allo baƙi ƙirin, mata sun kewaye shi suna gyara ɗaurin ɗankwali a ciki.

"Haka ake so," in ji Madam. "Tana ɗan hutawa."

Aka aika wurin Ɗanjuma mai walda, wanda ke da ɗan injin wuta. Ya yarda ya turo shi a baro, don wansa ma yana cikin hoton. Wayar injin ba ta kai tsakar gida ba, sai aka dawo da kwamfutar zaure aka ɗora ta bisa turmi. Mata suka cika ƙofar ciki, maza suka cika ta waje, Baffa Ummaru ya shimfiɗa buzu a tsakiya yana jan carbi. Baiwa, da yake mai jego ba ta fitowa, ta matso bakin ɗakinta da ke jikin zauren, ta zauna bayan asabari da jariri a cinya.

Inji ya ɗauka, kwamfuta ta farka. Zobe ya dawo, amma rubutun ya canja.

"Me ta ce?" in ji Ɗanjuma.

"Ta ce sabon tsarin bai zauna ba, za a dawo da na da."

"Au, har cikin wannan ma ana juyin mulki?"

"A rage murya," in ji Baffa Ummaru, ya waiga titi.

Na da ya dawo, bai gama zama ba na'urar ta mutu ta sake tashi, sabo ya sake ture shi. Sabon ma bai zauna ba. Haka suka yi ta karɓa-karɓa, har mazan da ke ƙofa suka rabu biyu, wasu na bayan tsoho, wasu na cewa a ba sabo lokaci.

Madam ta tuna an koya musu wani maɓalli a layin sama, wanda in aka danna da wuri ake shiga na'ura ta ƙofar baya. Wanne ne daga ciki, wannan ya tsaya a Damagaram. Don haka da kwamfutar ta sake tashi sai ta bi layin gaba ɗaya da yatsu goma, da irin ƙarfin da ta saba dukan tafireta. Na'urar ta saki wata ƙara siririya. Jariri ya farka ya taya ta. Maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, wata kaza da yunwa ta hana zaɓe ta sure shi ta yi waje.

"Ba shi da amfani da ma," in ji Madam.

Daga bayan asabari Baiwa ta ce, "Madam, in hoton ba zai fito ba, ko muryar kawai ta isa."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Abin da ya rage kaɗan ne."

Ta kife na'urar ta cire batir, ta hura, ta mayar. Ta kashe, ta kunna. Ta sa kowa ya ja baya don kada inuwarsa ta tsare iskar intanet. Rana ta take, zaure ya zama tanda, ɗan fankan da ke cikin kwamfutar ya kama kuka kamar ɗan akuya. Can ta ɗauke gaba ɗaya. Madam ta taɓa bayanta, ta janye hannu.

"Zazzaɓi ne," in ji Shekara. "A kira likita."

"Zafi ne, kuma na san maganinsa."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake sanyaya ruwan sha da bazara: a naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu, a rataye inda iska ke bugawa. Madam ta ce abin da ya yi wa jarka zai yi wa kwamfuta. Buhu ba ya wuya a shekarar, duk gida akwai fankonsa. Ruwa ne aiki, don famfo ya daɗe bai ɗiga ba. Aka bi kan kowa. Shekara ta ba da wanda ta tanada don ƙullu, tana gunaguni. Aka karɓe butar Baffa Ummaru yana cewa azahar fa ta kusa. Da bai isa ba, Baiwa ta turo rabin ruwan wankanta ta ƙarƙashin asabari.

Aka naɗe gindin kwamfutar, aka sa ta a ragaya, aka rataye a ƙofar zaure, allo na kallon jama'a. Mata biyu suka tsaya da faifai suna yi mata fifita. Abin haushi, dabarar ta ci. Na'urar ta huce ta tashi, zobe ya ci gaba da juyawa. Da ta mutu a nan da Madam ta huta, amma yanzu har ta fara bayanin cewa wannan ko a kwas ba a koyar da shi.

A lokacin ba a son ganin mutane sun taru ba dalili. Wani jandarma da ke wucewa bisa babur ya hango cincirindo, ya tsaya. Waɗanda ke baya suka tuna suna da aiki a gida.

"Wa ya kira taro?"

Kowa ya nuna ragaya.

Jandarma ya sunkuya ya daɗe yana duban buhu yana ɗiga. Rubutun da Ingilishi yake, shi kuma Faransanci ya karanta.

"Madam, me aka rubuta?"

"An ce kada a kashe, Shef."

"To tun da an ce kada a kashe, kada a kashe." Ya gyara tsayuwa a gefen ragaya, ya harɗe hannu.

Bai gama harɗewa ba inji ya yi tari biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Kwamfuta ta bi shi.

"Kai ka kashe?" in ji jandarma.

Ɗanjuma bai tsaya bayani ba. Ba a taɓa ganin mutum ya je bakin tasha ya dawo da kwalbar mai da irin wannan sauri ba.

Wannan karon da na'urar ta tashi, zobe bai dawo ba. Wani allo ne dabam, da zaɓi a jere cikin ƙananan haruffa. Tabaraun Madam na cikin jaka, amma ba ta taɓa sa shi a gaban mutane ba, kuma ba a gaban Shekara za ta fara ba. Ta ƙanƙance ido, ta tsinci na ƙarshe: a mayar da na'ura yadda take ranar da ta fito daga kamfani.

"Ga shi," in ji ta. "Ba tsoho ba sabo, tushe za mu koma."

Wani dogon gargaɗi ya fito, layi bisa layi.

"Wannan fa?" in ji jandarma.

"Masu ƙera ta ne, Shef, sun cika surutu."

Ta danna. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata. Madam ta yi 'yar dariya ta juyo ga jama'a.

"Wai ni take tambaya ko na tabbata."

Ta sake dannawa.

Aka yi azahar, Baffa da taimama a gefen butarsa. Aka yi la'asar, ƙullun Shekara ya yi tsami. Sai ga kwamfuta ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi, allo ya buɗe tas, ba zobe ba ɗingishi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ɗanjuma ya ce shi da ma yana bayan Madam tun farko. A kan allon akwai hoton wani tudu da ciyawa koriya shar, maza suka matso suna kallo.

"Ina ne nan?" in ji wani. "An yi ruwa a can."

"Ku ja baya," in ji Madam, "ga mazajen nan zuwa."

Ta buɗe inda ta zuba hoton, ba komai. Ta buɗe na kusa da shi, ba komai. Ta sa hannu a jaka ta ciro tabarau ta sa, a gaban Shekara, a gaban jandarma, a gaban kazar da ta dawo. Ta duba ko'ina. Na'urar ta yi abin da aka ce ta yi. Ta koma ranar da ta fito daga kamfani, ranar da ba ta san Illa ba, ba ta san Matameye ba, ba ta ma san Madam ba.

"To a ɗauko na wurin direba mana," in ji Ɗanjuma.

Madam ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

"Na kwashe," in ji ta.

Baffa Ummaru ya yi gyaran murya, ya naɗe carbi.

"Haka Allah ya nufa. Ummaru ma suna ne mai albarka."

Madam ta tuna da Baiwa a bayan asabari. Kafin Madam ta shawarci bakinta, bakin ya riga ta.

"Ba haka Illa ya ce ba."

"Ke ina kika ji?" in ji Baffa.

Shekara ta ajiye faifai. "Au, Madam, ke har kin zauna ke kaɗai kin kalli mazajenmu?"

Dole ta faɗi abin da ta gani: Illa ya dafa kafaɗar wani, ya fara magana, hoto ya daskare. Jama'a suka ce ai magana ta fito, sunan wanda ya dafa yake nufi. Jandarma ya ga aiki ya zo inda ya iya, ya matso.

"Siffanta shi."

"Dogo ne. Ko kuma a kan wani abu yake tsaye."

"Fari ko baƙi?"

"Duk sun yi baƙi, Shef."

"Kaya?"

"Akwai hula."

"Wace iri?"

"Hoton yana tsinkewa."

A wata shekara da mata sun yi rige-rigen cewa nasu ne. Amma gidan da aka yi wa takwara ba ya zuwa suna hannu rabbana, sai da zane da sabulu da abin sa wa a tukunya, kuma bana ba gidan da ke da ko ɗaya. Matar wan Ɗanjuma ta ce nata tun da take da shi bai taɓa sa hula ba. Wata ta ce nata ba ya yarda a dafa shi. Ido ya koma kan Shekara.

"Nawa gajere ne."

"Haba Shekara," in ji Ɗanjuma, "mijinki sai ya sunkuya yake shiga zauren nan."

"Yunwa ta rage shi."

Baffa Ummaru ya miƙe yana kakkaɓe buzu. "To, tun da mutumin ba shi da gida a unguwar nan, gobe da safe sai a..."

Madam ta dubi asabari. Ta ƙasansa ana ganin yatsun ƙafar Baiwa, sun kama ƙasa.

"Na tuna," in ji ta. "Idrisa ne. Ƙanena."

"Ƙanenki, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji jandarma, "sai yanzu kika gane shi?"

"Ban sa tabarau ba, Shef."

Wannan kowa ya shaida, ba wanda ya musa. Daidai lokacin ragon da Madam ta turke tun kaka don layya ya yi kuka ta bayan katanga, mai ƙarfi, irin na wanda ke cin dusa a shekarar da mutane ke nemanta.

"Madalla," in ji Shekara. "Gidan takwara ma ya amsa."

Da safe aka raɗa wa yaro suna Idrisa, aka yanka ragon Madam. Unguwa ta ci nama a karon farko tun fitar maza. Baffa Ummaru ya ce bai yarda da shaidar na'ura ba, ya kuma tafi da cinya guda. Madam ta zauna cikin mata da tabarau a fuska, duk wadda ta zo barka sai ta tambaye ta jikin kwamfuta, ko zazzaɓin ya sauka.

Ruwa ya makara, amma ya zo, maza suka biyo bayansa. Ranar da suka sauka, Madam ta raka Idrisa gidan Illa ya ga takwaransa. A hanya ta so ta yi masa bayani, ta rasa ta inda za ta fara. Illa na zaune a tsakar gida, Baiwa na kwasar tuwo da yaro a baya. Da aka ba Idrisa labari ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Yaya, ni fa na riƙe kyamarar."

"Ni ma ba don suna na dafa mutumin ba," in ji Illa. "Ƙusa ce ta soke ni, ba na iya tsayuwa. Cewa na yi a sa masa sunan Baffa Umm..."

Baiwa ta dire kwanon tuwo a gabansa, ba da ƙarfi sosai ba.

"Malam, rago an ci shi. Yaro ya fara waiwaye in an kira shi. Ga ruwa, wanke hannu."

Illa ya dubi matarsa. Ya dubi Madam, wadda ta ga wani abin sha'awa a saman katanga. Ya dubi ƙofar zaure, inda ake jin tarin Baffa yana tahowa. Ya sa hannu a ruwa.

"To," in ji shi, "ashe Idrisa na ce."